Alwalar da Ta Hana Ni Jam'i

Salamu alaikum jama'a. Waɗanda muka yi sakandare tare a Gwarzo kun daɗe kuna tambayata inda na shige muna aji biyar. Wasu na ce muku taifod ce, wasu na ce kiwo aka tura ni. Duk ƙarya na yi muku. Shekara huɗu ke nan, yau dai zan faɗi gaskiya.

Ciwon waswasi na yi, kuma ta alwala ya shigo min.

Ina da shekara goma sha shida. Sai in wanke hannu sau uku, zuciyata ta ce biyu ne. In sake. In kai ƙafa, ta ce gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. In koma farko.

Da fari har yabona ake yi, a garinmu Getso aka laƙaba min Ustaz. Ustaz ɗin kuwa yana tsugune a ƙofar masallaci da buta ta biyar, liman ya riga ya yi sallama.

Wata bakwai ban samu jam'i ko ɗaya ba. Tsakanin yatsuna ya tsage yana jini. Makaranta ta gagara, don kafin in gama alwalar asuba an tashi daga darasin farko. Abin da ya fi cin raina shi ne tsoron ba ni da sallah ko ɗaya a wurin Allah. Na sha kuka a bayan garken shanunmu.

Na sha rubutu, an yi min tofi, an yi min hayaƙi har idona ya kaɗa. Wani mai kemis a Kabo ya yi min allurai, ni da ko zazzaɓi ba na yi.

Kakata Inna, wadda ta raine ni, ta kasa jure ganina haka. Sai ta riƙa zama a gabana da ƙoƙo, duk gaɓar da na wanke ta jefa ƙwayar wake a ciki.

"Inna, na wanke fuska?"

"Ka wanke, maigidana. Ga wake nan, ni ce shaida."

Sai in ji sanyi na minti biyu, in kuma tambaya.

Ciwon yatsun ne ya sa Baba ya kai ni asibitin gwamnati na Gwarzo. Nas ɗin da ta duba ni ta tambaye ni sau nawa nake wanke hannu a yini. Na ce ban san adadi ba. Ta rubuta mana takarda zuwa Kano, sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa.

Baba ya ce, "Malama, ɗana ba mahaukaci ba ne."

Ta ce, "Ni ma ban ce ba, Alhaji. Amma yana wahala, kuma akwai magani."

A Kano aka ɗebi jinina, ba a ga komai ba. Likita ya fi awa yana min tambayoyi yana cike wata takarda. Ya ce ciwon sananne ne, ba ni kaɗai ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Wallahi tun a nan na ji an sauke min wani kaya.

Ya ba ni ƙwaya ɗaya kullum da safe, sai kuma atisaye: buta ɗaya, alwala ɗaya, in tashi ko zuciyata tana ihu. In rubuta ƙarfin tsoron, daga ɗaya zuwa goma.

Sannan ya juya wajen Inna, wadda ta rako mu, ya ce ta ajiye ƙoƙon, kuma kada ta ƙara amsa min.

Ta ce, "Likita, jikana ya tambaye ni in yi masa shiru? Wane irin magani ne wannan?"

Ya ce, "Hajiya, ba ra'ayina ba ne. An gwada hanyar nan a kan yara masu irin ciwonsa, an bi su an ga tana aiki. Duk amsar da kika ba shi, ciwon ne yake ƙara ƙarfi."

Shi da kansa ya ce mu tambayi limaminmu. Liman ya ce wanda kokwanto ya zame wa ciwo ba ya komawa ya sake alwala, sallarsa ta yi.

Ranar farko na roƙi Inna kamar zan mutu. Ta juya fuskarta bango ta ce, "An hana ni, maigidana. Tashi ka yi sallarka." Na ce mata ba ta ƙaunata. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Na rubuta goma. Na zauna ina jira. Bayan kamar rabin awa tsoron ya sauka zuwa shida, ban taɓa buta ba. Ashe yana sauka da kansa, ni ne ban taɓa jira ba.

Duk mako biyu muna hanyar Kano, kuɗin mota ya fi na magani, sai da tunkiya ɗaya ta tafi. A mako na biyar na koma buta uku, na ce shi ke nan na lalace. Likita bai ko ɗaga murya ba, ya duba lambobin da na rubuta ya ce mu ci gaba. Daga baya nas ɗin can ta Gwarzo ta karɓi bibiyata.

A wata na uku, wata la'asar, na samu kabbarar farko. Dattijon da ke kusa da ni ya ce, "Ustaz, ɗan matsa mana." Na matsa, hawaye na zuba.

Na koma makaranta, na maimaita aji, na gama. Waswasin yakan leƙo jefi-jefi, amma yanzu na san shi.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa nas ɗin nan da likitana da liman da Baba.

Iyaye, in yaronku yana daɗewa a kan buta, ko yana maimaita tambaya ɗaya ba ya gamsuwa, kada ku yi masa kirari, kada kuma ku doke shi. Ku yi addu'a, ku kai shi asibiti. Ku tambayi likita ko an gwada hanyar da zai bi, da yadda za a gane ana samun sauƙi. Kada a bar magani don an ga mako biyu shiru.

In kuma an ba ku naku aikin, ku daure ku yi ko da zai yi muku ciwo. Inna ta yi min shiru tana kuka, shi ya sa yau nake tsaye a cikin sahu.