Kwalbar zumar da muka kai Gazawa

Mun tashi da asuba daga Gidan Sori, ni da maigidana a kan babur, kuma abin da ya fara tsone mini ido shi ne kwalbar zuma. Farar saƙa ce, tun kakar bara take ajiye a saman kabad, an ce kada in taɓa. Ranar sai ga ta an naɗe ta a sabon rawani, an miƙo mini in rungume har Gazawa. Wai ta Mushe ce.

Ga waɗanda ba su sani ba, Mushe abokin maigidana ne tun suna lakol, wato makarantar boko, a Maradi. Kirista ne, malamin makaranta, bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ban taɓa ganinsa ba, amma na daɗe da sanin aikinsa: shi kaɗai ne in ya kira waya nake ganin haƙoran mijina. Ni kuwa na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, inda miji ke kallon matarsa har shayinsa ya huce. Nawa mijin in ya ce "sannu da aiki", to hirar ranar ta ƙare. Na gaji. Cikin jakata akwai zannuwan da suka fi ƙarfin kwana ɗaya, don na ƙudura in muka iso Tibiri a dawowa zan sauka gidanmu, sai ya zo biko ya koyi magana.

Mun bar babur wajen wani ɗan'uwa a Tibiri muka shiga mota. A tashar Maradi kamasho ya rantse saura mutum ɗaya, muka yi ta jiran mutum ɗayan nan har rana ta ɗaga. Na ci ƙosai na dala ashirin, mai ya fi wake yawa. Da muka kama hanyar gabas sai gonaki suka buɗe, an gama girbi, karan gero a kwance, gawo ya fara sabon ganye lokacin da kowa ke zubar da nasa. A Cadawa mata suka rufe tagogi da farantan aya da soyayyar fara. Aya a nan araha take, ƙasarta ce. Na ce a raina yanzu zai sayo mini, ya ce ga mai zaƙi kamar ke. Ya sayi tiya guda, ya ce Mushe yana son kunun aya.

Kafin Agiye jandarma ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya tambayi me ke cikin rawanin. Na ce masa zuma ce, amma ba tawa ba. Ya dube ni, ya dubi maigidana, ya ce mu wuce.

Gidan Mushe yana bayan wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Mun same shi kwance ƙarƙashin dalbejiya, siriri, bakinsa ya ɗan karkace. Har na fara jin tausayi, sai ya buɗe bakin ya ce, "Bagobiri mai taurin kai, ka zo ka tuba ne?" Mijina ya ce, "Na taho in ga fasto marar mabiya, ko ya shirya kalmar shahada." Suka rungume juna. Mijina har da hawaye. A ɗaurin aurenmu ma ban ji labarin ya yi ko ƙwalla ba.

Ko ruwa ba su gama sha ba suka shiga gardamar da aka ce tun suna yara suke yi, a kan Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, wanda Mushe ke kira Yesu Almasihu. Na zauna daga bakin madafa da matar gidan ina taya ta gyaran zogale, kunnena na waje.

Abin ya ba ni mamaki, don sun yarda da juna a wurare da yawa: budurwa ta haife shi, ya warkar da kutare, ya ta da matattu, zai dawo. Daga nan hanya ta rabu. Mijina ya ce duk da izinin Allah ya yi su, bawa ne kuma manzo, kuma in rashin uba ne hujja, Annabi Adamu ba uba ba uwa. Mushe ya ce su ma Allah ɗaya suka sani, ba haihuwa irin ta mata da miji suke nufi ba. Ya ce Kalmar Allah ce ta ɗauki jiki, kuma ba a raba mai magana da maganarsa. Mijina ya ce, "In na aike ka Cadawa da maganata, ka zama ni?" Mushe ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, mijina ya tallabe kansa ya ba shi zuma a cokali. Na murƙushe ganyen da ke hannuna.

Da azahar matar ta fiddo buta da tabarmar da ba a shimfiɗa wa kowa sai mijina, Mushe ya nuna masa alƙibla da sandarsa. Yana sallamewa suka ɗora. Mijina ya ce wanda ya ji yunwa, ya yi barci, ya ji ƙishi, ta yaya zai zama Ubangiji? Mushe ya dubi hannunsa da ya shanye, ya ce a hankali, "Shi ya sa nake riƙe da shi. Ya san ƙishina daga ciki." Mijina ya sosa ƙeya, ya jawo carbinsa ya hau ja.

Daidai lokacin na kawo musu kwaɗo. Mushe ya ce, "Amarya, ke me kika gani?" Na sunkuyar da kai yadda jarumai mata ke yi a littafi, na ce, "Abin da maigida ya ce." Ya ce, "Af, shi ya sa yake biyan kuɗin mota ya zo nan." Suka yi dariya. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan barkono.

A madafa matar Mushe ta lura da fuskata. Ta ce, "Ƙanwata, na riga ki jin haushin mijinki. Har ɓoye wayar Mushe na taɓa yi. Amma tun da ciwon nan ya same shi, sai ranar da za su yi gardama yake neman a tashe shi zaune." Ta zuba gishiri, ta ƙara da cewa, "Naki mutumin irin akuyar da ke son a ja igiya ne. Ke kuma kullum sakin igiyar kike."

Mun kwana, da hantsi muka kamo hanya. Har Agiye ina kallon gonaki ta taga. Jakar zannuwa tana kan cinyata. Da muka wuce Cadawa na ce, ba tare da na dube shi ba, "Maganar ƙishin nan, ka bari ya kayar da kai."

Ya juyo gaba ɗaya. "Mi kika ce?"

Na ce wanda ya halicci ƙishi ba sai ya sha rana ba kafin ya san shi, ya san na tururuwar da ke ƙarƙashin dutse, balle na Mushe. Ya ce ai abin da ya nufa ke nan. Na ce nufi daban, faɗi daban. Ya ce ina na koyi wannan, na ce a Islamiyya, lokacin da shi yake lakol yana koyon faransanci. Wani tsoho a bayanmu ya goya mini baya, direba ya goya masa. Muka sauya mota a Maradi muna yi, muka karɓi babur a Tibiri muna yi, ina ɗaga murya saboda iska. Sai da na hango rumbunan Gidan Sori na tuna ban ko leƙa gidanmu ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Mushe bai gusa daga imaninsa ba, mu ma muna kan namu, kuma butar tana nan a gidansa. Ni kuma na mayar da zannuwana akwati kafin a tambaye ni.

Da la'asar na ji shi a zaure yana waya da Mushe, yana cewa, "Na samo amsarka." Na samo, wai. Na tsaya bayan ƙofa. Can sai ya leƙo yana sosa ƙeya, ya miƙo mini wayar. "Ya ce wannan amsa ba daga kaina ta fito ba. Wai in ba mai ita."