Jan Iri a Filin Kokawa

Shekarar da fari ya cinye mana rumbuna, ina malamin gona a Tasawa. Gwamnatin soja ta aiko da irin hatsi da aka barbaɗe da wani jan gari mai kashe ƙwari. Guba ce. Aka raba wa mutanen da suka kwana biyu tukunyarsu ba ta hau murhu ba, aka ce su ajiye sai ruwa ya sauka. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Da samariya, ƙungiyar matasan gari, ta shirya bikin kokawa, na yi ta naci har aka yarda in yi bayani kafin a fara kamu. Ina shiga fili na dubi yadda aka tsara shi. An kafa rumfar manya a gabas, kumandan, sojan da ke mulkin garin, yana tsakiya da kakinsa, kuma can aka juya bakin amsa-kuwwa. Maza sun kewaye igiya. Matan da ke riƙe da taɓarya a gidaje, waɗanda dominsu na zo, suna can yamma bayan makaɗa, a tsaye cikin rana. Wato zan koya wa mutanen da suka ƙoshi kada su ci iri.

Ba a ba manya baya a fili, balle soja. Aka miƙo mini abin magana, na fara yadda aka saba, na gaida rumfa, ina jin muryata tana faɗa wa kujeru abin da suka riga suka sani. Tsoron rasa aiki ya kama ni, tsoron gawa ya fi shi. Sai na ajiye abin maganar, na juya, na tsallake igiya, na ratsa makaɗan har gaban matan. Ban waiwaya ba, don ba na son ganin fuskar kumandan.

Na ɗaga jan hatsin da na zo da shi a tafin hannuna, na ce da ƙarfi, "Wannan na ƙasa ne, ba na turmi ba. Wanda ya ci, yana iya mutuwa."

Wata dattijuwa da jika goye a bayanta ta matso, ta dubi hatsin da kyau.

"Ɗana, in an wanke shi hwa?"

"Ko an wanke, Inna."

Ta gyara goyonta, ta rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Mun riga mun wanke sau ukku. Gaya mini gaskiya, sau nawa ya kamata?"