Teburin ƙwallon yayana

Ɗana na fari shan inna ya kama shi tun yana goye, ƙafafun suka shanye. Da rarrafe yake zagaya gidanmu a Tanut. Amma in wasan marafan kwalba ne, kaf unguwar babu mai ja da shi. Ya share ƙasa a zaure, ya jera marafai kashi biyu, ƙwallon kurna ce ƙwallonsu. Ana tashi lakwal, wato makaranta, yara sai su cika mana zaure. Ni ina daka ina jin ihunsu, hankalina kwance.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zo ya zauna yana kallonsu, har yana tambaya wa ke cin wa. Ya shafa kan yaron ya ce, "Bari in je Damagaram, zan kawo maka na gaske."

Ya kuwa kawo. Babifut suke ce masa. Tebur ne, ƴan wasan katako soke a jikin ƙarafa, ja da shuɗi, har gashin kai an zana musu, ga mai tsaron gida, ga raga ta zare. In ƙwallo ta shiga sai ka ji ƙwas. Sai dai ba zaurenmu ya kai shi ba, ƙofar shagonsa ya girke shi, bakin tasha. Kuma a tsaye ake bugawa.

Zaure ya yi tsit. Yaron ya daina cin tuwo sosai, ni ma na kasa.

Na yafa zane na goya shi, ƙato da shi, na ratsa maza har shagon.

"Yaya, a ɗan rage wa teburin ƙafafu mana, ko ya samu ya kai."

"Ke dai ba ki da kai! Wa ya taɓa buga ƙwallo a zaune? Ai abin da ya sa ya zama na gaske ke nan."

Ko sassauta murya bai yi ba. Abokan yaron suna nan kewaye da teburin, babu wanda ya ɗago.

Na matsa kusa, na karkata don hannunsa ya kai ƙarfen ta saman kafaɗata. Bai miƙa ba. Na ji goshinsa da zafi a bayana.

"Inna," ya ce, "mu tafi gida."