Matar da Ke Ciyar da Gida Hayaƙi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin a buɗe wa baƙi ƙofa, Tsuya ta riga ta tuɓe takalmi ta hau daɓen katako. Sai ta durƙusa gaban murhun da ke tsakiyar ɗakin, ta tone tokar jiya, ta jera busasshen itace guda uku, ta hura. Ba girki za ta yi ba, babu kuma wanda ya kwana a gidan balle ya ji ɗumi. Hayaƙin ake nema. Shi ke hawa ya ratsa jinka, ya kori ƙwari, ya busar da igiyoyin da suka ɗaure sandunan rufin, don irin wannan rufi bai san ƙusa ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana wannan aiki. Ƙarshen watan jiya ta ajiye shi, gwiwoyinta sun ƙi durƙuso.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tsohon gidan manoman da hukuma ta mayar gidan tarihi, wanda aka kwance gungume-gungume daga kwarin da ruwan dam ya cinye, aka sake harhaɗa shi a bayan tashar mota. Galibinmu sau ɗaya muka shiga, ranar da makaranta ta kai mu, muka fito muna tari muna mitar rigunanmu sun yi ƙauri. Ni ma na daɗe ina cikinsu, ba zan wanke kaina ba. Lokacin sanyi kuwa, in dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai a yi kwana huɗu ko kare bai leƙo ba. Tsuya na nan zaune ita da butar ƙarfe, tana ƙara itace.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a cikin gidan nan aka haife ta. Na taɓa ganin wata baƙuwa ta tsaya tana shafa tsagar wuƙa a jikin babban ginshiƙi.

"Kaka, wannan fa na mene ne?"

"Tsawon yaran gidan ne. Duk sabuwar shekara ake auna su."

"Yanzu suna ina?"

"Sun watse," in ji Tsuya, ta goge ido da hannun riga. "Kai, hayaƙin nan ba shi da kunya."

Ba ta gaya mata cewa tsagar ƙasa tata ce ba, na sama kuma na yayyenta uku. A cikin waɗanda aka auna a ginshiƙin, ita kaɗai ta rage a duniya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo sabon manaja, Ishimaru, mutumin kirki amma mai bala'in tsoron gobara. Ya ji labarin wani gidan jinka da ya ƙone ƙurmus a wani gari, nan take ya hana hura wuta. Ya sa aka cusa jan ƙwan lantarki a ƙarƙashin itacen murhu, wai baƙi su ga kamar garwashi.

"Tsuya-san, ga wuta ba hayaƙi. Kin huta," in ji shi, ya laƙa wa sunanta "san" don girmamawa.

"Manaja, gidan nan hayaƙi yake ci. Abincinsa ka hana shi."

"Katako ne fa, ba saniya ba."

"To. Matso ka ji ɗumin wutarka, kada sanyi ya kama ka."

Ba ta yi zuciya ta tafi ba. Kullum sai ta zo ta yi shara, ta tattara garin itacen da ƙwari suka zubo daga sama, ta zuba a kofin shayi, ta ajiye a teburin manaja. Shi ko ya zubar. A damina ta biyu igiya ta ruɓe, sanda ta zame, ruwa ya tsiyayo dab da ginshiƙin nan mai tsaga. Aka kira tsoho Masakichi mai gyaran jinka. Ya hau, ya sauko da ruɓaɓɓiyar ciyawa cike da hannu.

"Wane mai ilimin ne ya kashe wutar gidan nan?"

Ishimaru ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Washegari shi da kansa ya kawo mata ashana. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi, "Miƙo min itacen can."

Ke ce, Tsuya, uwar murhu, kika zauna cikin kaɗaici kina yi wa gida hidima alhali babu mai cewa sannu. Ke ce kika koma ma'aikaciya a ɗakin da kika yi rarrafe, ba ki taɓa neman a tausaya miki ba. Duk lokacin da na tuna ki zaune gaban ƙwan lantarkin nan, sai kunya ta kama ni, don muna gari ɗaya ba wanda ya buɗe baki ya taya ki.

Da aka yi cigiyar wanda zai gaje ta, ko mutum ɗaya bai zo ba. Matasa duk suna birni. Ishimaru, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya ce shi zai yi.

"Kai? Da hannayen nan na riƙe biro?"

"Koya min, Tsuya-san."

Sati biyu ta yi tana koya masa, tana masa tsiya. Ranar ƙarshe ta shafa ginshiƙin, ta sa takalminta, ta fita ba ta waiwaya ba.

Mun gode, Tsuya. Mu kuma sauran, kada mu tsaya ga godiyar baki. Mai hali ya je ya karɓi safiya ɗaya a sati, ya durƙusa ya hura, ƙaurin riga ba ya kisa.

Yanzu tana zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani bene a kan tudu, tagarta na hango jinkar gidan. Maƙwabciyarta ta ba ni labarin safiyar farko. Bakwai da rabi, babu komai. Ƙarfe takwas, babu komai, shayinta ya huce a hannu. Sai takwas da minti ashirin hayaƙi ya turnuƙe daga kan jinkar, fari, mai kauri, yana fita ta ko'ina.

"Ɗanyen itace ya sa, sakarai," in ji Tsuya.

Ta kai hannun riga ta goge ido. Wannan karon hayaƙin ya yi mata nisa, ba ta da abin ɗora wa laifi.