Ɗaga Ƙafa, Akwai Mutum a Nan

Yau na cinye jarrabawar tarihin gine-gine, khalas, an gama, har rawa na taka a jirgin ƙasan metro. Amma hoton tambayar ƙarshe ya ƙi barina: tsohuwar cocin wani ƙauyen Ingila, daɓenta duk duwatsun kaburbura, takalma sun goge sunayen.

Sai Kaka ya faɗo min a rai. Wata rana a hanyar gona ya damƙo wuyana, hannunsa na ƙamshin goro: "Kai, ɗaga ƙafa, akwai mutum a nan." Ni ciyawa kawai na gani.

Lokacin korona ya rasu, ina Dubai, babu jirgi. Kawu kaɗai ya san kabarinsa, kuma jiya aka kwantar da shi a asibiti.

Allah ya haskaka makwancinka, Kaka, ya bar min Kawu har na iso.