Ranar Da Aka Rufe Doya Don Mai Rai

Shekaru sun ja, amma ranar da matan kasuwarmu suka rufe doya saboda waƙar ɗana ba za ta taɓa fita a raina ba.

Ni mai sayar da doya ce a Lafia, kuma kowa ya san bakina ba ya shiru. Ɗana na fari ya ɗauko bakin nan nawa ya kai shi inda ban aike shi ba, wato waƙar hip hop. Na yi faɗa har na gaji. A ganina surutu ne kawai aka ɗora wa kiɗa, ga wando kamar zai faɗi.

Ana gab da zaɓe ya fitar da albam, tun daga farko har ƙarshe a kan masu mulki, musamman hanyar ƙauyukan Doma da motocin doya ke kafewa a cikinta duk damina. Ko kunne ban ba shi ba. Ashe wata rana da motarmu ta kwana uku a laka, doya ta iso a ruɓe, na tsaya ina zazzaga masifa, ɗan nema ya kunna wayarsa yana naɗa. Da muryata ya buɗe albam ɗin, ina cewa, "Ku masu kawo mana atamfa lokacin zaɓe, ku zo ku ci ruɓaɓɓiyar doyar nan!"

A bakin maƙwabciyar rumfata, wata 'yar ƙabilar Eggon, na fara ji. Ta ce, "Maman yara, kin zama tauraruwa fa! Duk 'yan keke muryanki suke sawa."

Kwana biyu sai ga sakataren kwamitin kasuwa, wanda kowa ya san ɗan koren wani mai neman kujera ne. Ya ce, "Hajiya, oga bai ji daɗi ba. Ko ɗanki ya janye abin nan ya ba da haƙuri, ko ki kwashe kayanki ranar kasuwa." Rumfar nan daga mahaifiyata na gaje ta, kuma da ita nake riƙe gida tun rasuwar mijina. Gaskiya na tsorata.

Na isa gida na hau yaron da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Umma, in kin ce in janye zan janye. Amma ki saurara tukuna." Na zauna a kan turmi ina harararsa. Waƙa ta uku a kan mahaifinsa ce, wanda maciji ya sara lokacin da ya je sayen doya a ƙauye, motar da ta ɗauko shi ta kafe a hanya, ya cika kafin a iso asibiti. Ban san yaron yana ɗauke da abin nan a zuciyarsa ba. Na yi kuka sosai. Da na share hawaye na ce, "Ko kalma ɗaya kada ka cire."

Muna da wata al'ada a kasuwar doya. In ɗaya daga cikinmu ta rasu, kowa sai ta rufe tulin doyarta da buhu, ba ciniki sai an dawo daga maƙabarta. Tun zamanin iyayenmu ba a taɓa rufe doya don mai rai ba.

Ranar kasuwa na zo da sassafe da niyyar kwashe kayana. Ga manyan motoci sun iso daga arewa, ga Alhazan da ke sari suna tsaye cirko-cirko, ga doya duk a rufe har da tawa. Gabana ya faɗi, na ce, "Inna lillahi! Wa muka rasa?"

Shugabarmu, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Alago, ta ce, "Ba wanda ya mutu. Amma in an kore ki yau, gobe mu ne. Abin da kin faɗa a waƙa, wanene bai faɗa ba a nan?"

Wata 'yar Tibi ta ɗora sifika a kan benci ta ƙure ƙara. Sai ga muryata ta cika kasuwa, mata suna maimaitawa, har Fulani masu nono suka sauke ƙwarya suka tsaya. Alhazan nan kuwa, da suka ji dalili, suka yi wa ofishin kwamiti tsinke. Kafin azahar sai ga sakatare yana zufa, yana cewa, "Haba Hajiya, wasa fa nake yi!"

Shugabarmu ta ce, "To oga, buɗe da hannunka."

Ya sunkuya a gaban kowa ya yaye buhun da ke kan doyata. Guɗar da aka yi ranar, ko a bikina ban ji irinta ba.

Ba a gyara hanyar a shekarar ba, kuma har yau ban yafe wa wandon nan ba. Amma na koyi cewa kafin ka rufe wa ɗanka baki, ka fara jin abin da yake faɗa. Ni shekara da shekaru ina masifa a kan hanyar nan ba wanda ya waiwaye ni, sai da yaron da nake kira mai surutu ya sa mata kiɗa.