Kaka Isuhu Baduku da Gishirinsa

Ku da kuka san Kaka Isuhu baduku a kasuwar Tawa, ku faɗa tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa kallo a fuska? Kana yi masa sallama idonsa na kan sawunka. Kafin ya amsa sai ya miƙo hannu, ya danna babban yatsa a saman idon sawu, ya ɗaga. In naman ya taso, ka sami gaisuwa, ka sami takalmi. In rami ya zauna, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ƙahwa ba ta kumburi don kanta, aiko ta anka yi. Ko zucciya, ko ƙoda, ko hanta. Tahi likita ka ji wa ya aiko ta." A soja ya koyo wannan, lokacin da yake ɗauko wa wani likitan Nasara masu rauni, kuma bai raga wa mutanen Tawa ba har ya mutu. Ni Zali jikarsa, da na dawo gida bayan rasuwar mijina, ni na yi masa girki a shekarunsa na ƙarshe, don haka na fi kowa shan wahalarsa.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba wani babban ma'aikacin biro, wato ofishin gwamnati, ya zo da mota, wai a yi masa takalmin Salla. Kaka ya danna, ya ɗaga, ya ce, "Ranka shi daɗe, naka ba ciwo ba na. Tun da Nasara ya tashi ka zamna, ba ka sake tashi ba. Aje mota ka taka ƙasa, in za ka kwana ka aza sawu bisa matashi." Mutumin bai sake zuwa rumfar ba, amma an riƙa ganinsa yana tafiya biro a ƙasa.

Na wani mutumin ƙauyen Barmu kuwa ina wurin, na kai abincin rana. Ya zo da matarsa mai tsohon ciki, yana so a ƙara wa takalminta faɗi. Kaka ba ya taɓa matar mutane, ni ya sa na danna. Rami ya zauna. Ga fuskarta ta yi suntum, ta ce kanta kamar zai tsage.

"Kumburin mai ciki wani ba komi," in ji Kaka. "Amma in ya hau huska, ga ciwon kai, wanga shina kisa. Kai ta likita yanzu."

"Haba Baba, duk mai ciki haka take. Hanya na jiranmu," in ji mijin.

Kaka bai yi gardama ba. Ya ce, "Maɗaurin naka takalmin ya kusa tsinkewa, miƙo in gani." Yana karɓa ya soke su a hammata, ya kama hanyar gidan likita, maigida na binsa yana tsalle a yashi mai zafi, mata na biye. An riƙe ta har ta sauka lafiya. Daga ranar, in mutumin nan zai wuce rumfar Kaka, ta can nesa yake ɗaga hannu.

To, sai abin ya zo kan mai duba mutane. Na lura ya koma sa wando mai jan ƙasa, ya yanka wa kansa sabon takalmi kamar faifai, kuma daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Wata rana yana barcin azahar na danna masa. Ramin da ya zauna, sai ka zuba gero a ciki. Ya buɗe ido ya ce, "Yatsanki na da ƙarhi, na daka na."

"Kaka, wa ya aiko ta?"

"Tsayuwa ta."

"Kai da kake wuni zaune a kan buzu?"

Wata uku ina fama. Sai da na rantse ba zan ƙara hura masa wuta ba, sannan ya yarda muka je wurin Majo, babban mai duba marasa lafiya. Majo ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciya ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa, in an bari zai hau huhu. Ya ba da ƙwayoyi masu sa fitsari. Ya dube ni ya ce, "Sauran maganin a tukunyarki yake. Ba gishiri, ba kanwa. In kin riƙe, zai daɗe. In kin saki, ba ruwana."

Shekara biyu na riƙe, kuma ban taɓa gajiya da wani abu kamar wannan ba. Kaka, kamar kowane kaka da jikarsa, matarsa yake ce mini, sai ya zama kullum ina shan saki uku a kan miya. Na tsinci gishiri a naɗin hularsa. Na tsinci gishiri a cikin kuben almakashi. Na kama shi a bayan gida ya duƙa yana lasar gishirin balma da maƙwabcinmu ya ajiye wa ragonsa.

"Kaka, me nake gani?"

"Ɗanɗana mai nika yi. Mutanen yanzu ba su da amana, sai su saida ma dabba ƙasa."

Mutane na dariya in na ba da labari. Ni kuwa na daina dariya tun tuni. Gidan duka muka koma cin miya salam don kada ya ji ƙanshin wata tukunya. Na zama ƴar sanda a gidanmu, ina laluben aljihun tsohon da ya goye ni. Sau da yawa in ya ture akushi nakan koma bayan murhu in yi kukana, in share, in dawo in ce sai ya ci.

A damina ta uku kumburin ya wuce gwiwa, barci ma sai a zaune. Majo ya zo har gida ya duba shi. Da zai fita ya kira ni zaure, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Zali. Yanzu ba shi abin da yake so."

Ranar na kaɗa miyar kuka, na sa gishiri. Kaka ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya daɗe bai haɗiye ba. Ya dube ni ya ce, "Majo ya ce a sa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya gyaɗa kai. "To, madalla." Ya turo akushin. "Ƙaro ɗan kaɗan. Shekara biyu kin mance yadda aka sa shi."

Na ƙara. Ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya sa mini albarka. Kwana huɗu ya ƙara a duniya, kullum da miyarsa yadda yake so, kuma bai sake sakina ba.

Allah ya jiƙan Kaka Isuhu, ya sanyaya makwancinsa, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka. Ni kuma Allah ya yafe mini duk lomar da na hana shi.